Suna da mai suna: ɗan daudu cikin wasan kwaikwayo na telebijin

Mai kallo a Dogondutsi ko Tibiri galibi fina-finan Kano yake gani, sai kuma na Turai da Amurka masu zuwa da fassarar faransanci. Cikin na Turawan akwai fage guda da ke yawan dawowa: mutum ya tara iyayensa ko abokansa, ya faɗa musu da bakinsa jinsin da zuciyarsa ke so, ya ba kansa suna. Shirin Ellen na tashar ABC ya yi hakan a Amurka cikin shekara ta 1997, aka yi ta cece-kuce. Wasan Hausa bai saba da irin wannan fage ba, kuma wani ɓangare na dalilin yana cikin halshe.

A wasan Hausa jama'a ke laƙaba suna. Fim ɗin Ibro Ɗan Daudu na 2002, wanda marigayi Rabilu Musa ya fito a ciki, ya isa misali. Rangwaɗa da karya murya da habaici sun wadatar mai kallo ya gane wanda ake nufi, ya yi dariya. Gwanintar ɗan wasan ba abin musu ba ce, amma an ɗauko salon magana an bar mai maganar, har mai kallo ya tashi yana zaton ɗan daudu da ɗan luwaɗi abu ɗaya ne.

Alhali kuwa kalmomin sun bambanta. Daudanci ɗabi'a yake nunawa da sana'a, kamar dafa abinci da sayar da shi a tasha ko kasuwa. Masu bincike suna danganta kalmar da Ɗan Galadima, iskan bori. A ƙasar Arewa, inda Adeline Masquelier ta yi nazarin bori (littafinta na 2001), iska mace na iya hawan namiji, ya kuma sauka da sunansa na doki. Luwaɗi kuma aiki yake ambata, kalma ce ta fiƙihu daga sunan Annabi Luɗu. Rudolf Gaudio, cikin littafinsa na 2009 a kan birnin Kano, ya nuna cewa waɗanda abin ya shafa suna kiran junansu masu harka, kalmar da aikinta sakaya zance ne.

A nan mai fassara ke cijewa. Kalmomin da suka fi kusa da fagen Turawa su ne tonon asiri da fallasa, duka biyun kuwa aikin maƙiyi ne, tunda Bahaushe rufin asiri yake roƙo. In an ce wane ya tona asirin kansa, fagen da aka shirya don nuna ƙarfin hali ya koma na abin kunya.

Lamarin ya wuce dariya. Dokar Najeriya ta 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, kuma a 2024 hukumar tace fina-finai ta Kano ta hana nuna daudanci. Sunan da aka jefa wa mutum bisa kuskure yana iya raba shi da sana'arsa. Saboda haka ya kamata masu tsara ƙamus da littattafan yaƙi da jahilci su ba kowace kalma gurbinta, su rubuta ma'anarta, da mai faɗinta, da wanda ake faɗa wa.