Godiyar Ƙasa da Tuba: Nazarin Sanarwar Shugabannin Amurka

Kowace shekara shugaban Amurka yakan fitar da sanarwa yana kiran jama'a su gode wa Allah ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Mu da aka kira ga aikin wa'azi, ya kamata mu karanta waɗannan takardu da lura, gama su ma wa'azi ne, sai dai daga fadar mulki suke fitowa. Ma'auninmu ɗaya ne: godiyar ta zo tare da tuba, ko ita kaɗai ta zo?

Bari mu fara da ta Joj Washintan, wadda ya fitar ran 3 ga Oktoba 1789. Ya keɓe Alhamis 26 ga Nuwamba, ya lissafta albarkun da ƙasar ta samu: ƙarshen yaƙi, zaman lafiya, sabon tsarin mulki, da 'yancin addini. Bai ambaci sunan Yesu Almasihu ba, ya zaɓi sunayen Allah waɗanda kowace ɗarika za ta karɓa. Duk da haka ya roƙi jama'a su nemi gafarar laifofin ƙasa. Raunin takardar yana cikin kalmar "mu". Ƙidayar 1790 ta nuna bayi kusan 700,000 a ƙasar, shi kansa Washintan yana da bayi. 'Yancin da ake godiya dominsa bai kai gare su ba, takardar kuwa ta yi shiru a kansu.

Tomas Jefason bai fitar da irin wannan sanarwa ba ko sau ɗaya a shugabancinsa. A wasiƙar da ya rubuta wa wani fasto a 1808, ya bayyana cewa tsara azumi da addu'a aikin ikkilisiyoyi ne, gwamnatin tarayya ba ta da hurumi a ciki. Wannan hujja ta cancanci mu auna ta.

A ganinmu, ta Abraham Linkon ta 3 ga Oktoba 1863 ita ce mafi nauyi. An rubuta ta ana tsakiyar yaƙin basasa, ministansa na harkokin waje ne kuma ya tsara kalmominta. Ta fara da amfanin gona, ma'adinai da ƙaruwar jama'a. Sa'an nan ta ce dukansu kyauta ce daga Allah, wanda yake fushi da zunuban ƙasar amma bai manta da jinƙai ba. Ta kira jama'a ga tuba, ta kuma sa gwauraye da marayu cikin addu'a. Lura fa, ba ta ɗora wa abokan gaba zunubin duka ba. Amma ita ma ba ta kira bauta da sunanta ba, zunubin da ba a faɗi sunansa ba kuwa, tuba daga gare shi ba ta da tsada.

A 1939 Shugaba Rozabelt ya jawo ranar baya da mako guda domin 'yan kasuwa su sami ƙarin kwanakin cinikin Kirsimeti, har majalisa ta tsayar da ita a doka a 1941. A yawancin sanarwowin zamaninmu, yabon halin jama'a, sojoji da iyali ya cika wurin da tuba take a dā. Sai mu tuna da Bafarisiyen nan na Luka 18. Da godiya ya buɗe addu'arsa, amma kansa yake yabo. Maimaitawar Shari'a 8 ma ta gargaɗi Isra'ila kada ƙoshi ya sa su ɗauka ƙarfinsu ne ya kawo wadatar.

Darasin ya shafe mu. Ranar da mai mulki ya zo ikkilisiyarmu yin sujadar godiya, mu ne za mu hau mumbari. Kafin ranar, mu tambayi wa'azinmu: wa kalmar "mu" ta bari a waje? Wane zunubi muka kira da sunansa? Wa za a ɗaukaka idan an tashi, Mai bayarwa ko babban baƙo?