Naushin da Ya Daina Ba da Dariya a Barkwancin Anime

Duk wanda ya kalli Love Hina, shirin anime da kamfanin Xebec ya fitar a 2000 daga littafin zane na Ken Akamatsu, ya san abin da zai faru tun kafin ya faru. Keitaro, saurayin da ya sha faɗuwa jarrabawar shiga Jami'ar Tokyo, ya tsinci kansa yana kula da gidan kwanan 'yan mata. Ko ya yi tuntuɓe ya faɗa jikin Naru, ɗaya daga cikin 'yan matan, ko ya shiga wurin wanka bisa kuskure. Nan take fuskarta ta yi jawur, ta dunƙule hannu ta zabga masa naushi, ya tashi sama har ya ɓace. Karon farko mutum yakan yi dariya. Kafin a yi nisa sai abin ya gundure shi, ya ji haushin lokacin da ya ɓata.

Wannan duka yana da asali mai daraja. A Osaka ne wasan manzai ya bunƙasa, inda mutum biyu ke tsayawa gaban jama'a: boke yana sakin shirme, tsukkomi yana tare shi da tsawa, wani sa'in da ranƙwashi ko mafificin takarda. Daɗin abin yana cikin wautar da aka tafka da saurin martanin. Rumiko Takahashi ta gane haka a littafin zanenta Urusei Yatsura, wanda ta fara a 1978. Jarumin labarin, Ataru, manemin mata ne na ƙin ƙarawa, saboda haka duk lokacin da jarumar, Lum, ta jona masa lantarki, mai kallo ya san shi ya janyo wa kansa.

Shirye-shiryen da suka biyo baya sun ɗauki dukan, suka watsar da dalilinsa. Ana so samari masu kallo su ga kansu a jikin jarumin, don haka aka wanke shi daga laifi, aka mai da shi salihi mai tsautsayi. Amma ba a daina jibgarsa ba. A Zero no Tsukaima na 2006 har da bulala jarumar, Louise, ke bin jarumin, Saito. Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan ke lalata 'yan matan: yarinyar da aka ce mai basira ce sai ta koma azzaluma marar sauraron bayani, kuma sau da yawa an ƙirƙiro "kuskuren" ne kawai don a nuna jikinta. Daga nan ne haɓon hanci da fitowar bakin teku da ta wankan ruwan ɗumi suka zama dole.

Kasuwa ce ke raya al'adar. Gamayyar kamfanonin ɗab'i da na faifai da na 'yartsana ke zuba kuɗin shiri, kuma abin da ya taɓa sayuwa shi suke so a maimaita.

Ba rashin gwanaye ba ne. A Nichijou na Kyoto Animation, 2011, an kori wata ɗaliba, Yuuko, daga aji, tana tsaye a baranda sai ta hango shugaban makarantar yana kokawa da barewa a tsakar gida, har ya ɗaga ta ya maka da ƙasa. Ba a tozarta kowa ba, kuma babu mai iya hasashen abin da zai biyo baya. Idan naushin Naru ya sa ka fid da rai da barkwancin Japan, ka nemi Nichijou ka kalla kafin ka yanke hukunci.