Haƙƙin Mai Allura

Wani yayi ya shigo cikin samarinmu da 'yan matanmu masu ilmin zamani, wanda da farko na yi murna da shi, daga baya kuwa ya fara ci mini rai, wato yayin tausaya wa maɗinkan ƙasashen nesa. Tun ranar 24 ga Afrilu, 2013, da benen Rana Plaza mai hawa takwas ya rushe a kusa da Dhaka ta ƙasar Bangladesh, ya hallaka mutum 1,134, galibinsu masu ɗinka wa kamfanonin Turai da Amurka tufafi, alhali an ga bangon ya tsage kwana guda kafin nan amma aka tilasta musu komawa bakin keke, Turawa suka ɗauki wa'azin cewa bai kamata mutum ya sa riga ba sai ya san halin wanda ya ɗinka ta. Magana ce ta gaskiya, ko daga bakin wa ta fito, kuma ga shi ta iso mana ta Facebook da Instagram, kowa yana maimaita ta da hawaye.

To, amma wanda ya gama rubuta dogon sharhi a kan zaluncin attajiran Dhaka, shi ne za ka gani ya shiga Kantin Kwari, ya zaɓi shaddar Getzner da aka saƙa a Ostiriya, ya ƙirga kuɗi bai ce uffan ba, domin neman ragi a kan irin wannan shadda zubar da girma ne a wurinsa; sa'an nan ya ɗauke ta ya kai wa telan unguwarsu ana saura kwana goma Salla, ya zauna yana ciniki kamar mai sayen tumatirin da ya kwana, ya ba da rabin kuɗi da ƙyar, ya ce ragowar sai bayan Salla, ba tare da ya ambaci Sallar wace shekara ba. Wannan telan da yaran shagonsa su ne ke kwana a kan keke a goman ƙarshe na azumi, cikin hayaƙin janareta da man da suka saya da kuɗinsu, sa'ad da mai shadda yake masallaci yana roƙon Allah ya isar wa waɗanda aka zalunta. Yaron da ya yi aikin wuya da aljihu kuwa, sau da yawa abin da ya rage masa kuɗin sahur ne da "Allah ya yi albarka".

Zancen hula ya fi wannan ciwo. Kowa yanzu yana alfahari da ɗinkin hannu, ana ɗaukar hoton kube da zanna ana yabon gadon iyaye da kakanni, amma ban ga mai tambayar nawa ya isa hannun matar da ta yi makonni tana cin ido a kan hula guda a cikin gida ba, ko ɗan gudun hijirar Bama da ke ɗinka ta a Maiduguri, bayan dillali da mai wanki da mai kanti kowa ya yanki rabonsa. Haka masu aikin aska takwas a Zazzau: ana yabon rigar, ba a san sunan wanda ya ɗinka ta ba.

Na sani, alkawarin tela ya zama abin ba'a a ƙasar Hausa, kuma akwai masu cin yadi. Wannan laifinsu ne, ba ya halatta mana nasu haƙƙin.

Abin mamaki shi ne ba mu bukatar Bature ya koya mana wannan, domin malamanmu sun daɗe da karantar da babin ijara a zaure, inda aka shar'anta a san lada a san wa'adi tun kafin a fara aiki, aka kuma hukunta jinkirin biya daga mai wadata a matsayin zalunci. Hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe kuwa ko yaron makarantar allo ya ji shi. Saboda haka, 'yan'uwa, ku ci gaba da yi wa mutanen Bangladesh addu'a, sun cancanta. Amma ranar da za ku karɓo ɗinkin Sallar bana, ku tafi da cikon kuɗin tela a aljihu, har da na bara.