Harshen Mai Sabulun Salo

A Dingaya da sauran garuruwan Gwaram da Birnin Kudu, kara ba ya rasa aiki bayan kaka: wani a yi danga, wani a sa a murhu. Ko tokarsa ba abin zubarwa ba ce ga macen da ta iya sabulun salo.

Za ta cika tukunya mai huji a gindi da toka, ta zuba ruwa ya riƙa tsiyaya ɗis-ɗis, ta tafasa ruwan tokar har ya kama jikinsa, sannan ta kawo narkakken kitse ko man kaɗe. Daga nan sai muciya. Tuƙi ne mai cin kafaɗa, ga wuta da ke son a lallaɓa ta, don da ta yi yawa tukunya za ta yi bori ta zube.

Gwanintar tana wajen awo, alhali ba sikeli. Tokar bana ba ta bara ba ce, ta dawa ba ta gero ba ce, kowace da kaifinta. Sai ta lakato kaɗan daga haɗin da ke tukunya, ta bari ya huce, ta ɗora a kan harshe. In ya yi zafi kamar an tsikare ta, toka ta rinjaya, sabulun zai ci hannun mai wanki. Sai ta ƙara mai. In ta murza ya bar maiƙo a yatsa, ba zai yi kumfa ba. Masana sinadarai ba su gane abin da ke faruwa a tukunyar nan ba sai da Chevreul na Faransa ya fitar da bincikensa a 1823. Ita kuwa a gindin murhun uwarta ta koya.

Sunan ma ɗan tafiya ne. "Sabulu" daga "sabun" na Larabci muka aro shi, kuma danginsa ne "soap" na Turanci da "sapo" na Latin. Wajen shekarar 77 miladiyya, marubucin Rumawa Pliny ya ambaci "sapo" a matsayin haɗin kitse da toka na mutanen Gaul, Faransa ta yanzu. Sai dai su ba wanki suke yi da shi ba, gashi suke rinawa ja da shi!

Tokar itace da ta kara sabulu mai laushi take bayarwa, shi ya sa ake cura salo da hannu, yayin da na kanti, mai soda, ake yanka shi sanda-sanda.