Gudu da Natsuwa a Kiɗan Ƙungiyar Bad Brains

Galibin masu sharhi kan ɗauki tsattsauran kiɗan pank a matsayin hayaniyar samarin da hannunsu bai faɗa ba. Tarihin Bad Brains ya rushe wannan zato. Baƙaƙen fata ne su huɗu daga birnin Washinton na Amurka, waɗanda suka faro da kiɗan jaz a 1976 da sunan Mind Power, kafin su rungumi pank. Saboda haka gudun da ake ji a kaset ɗinsu na 1982 gudun gwanaye ne. Duk tsananin saurin, gangar Earl Hudson ba ta tuntuɓe.

Abin lura a nan shi ne zubin kaset ɗin. Ana tsakiyar guguwa sai a tsoma waƙar rege mai sanyi, sakamakon aƙidar Rastafari da suka karɓa. Wannan sanyi ne ke sa kunne ya auna zafin da ya gabata.

A faifan I Against I na 1986 kuwa, saurin ya lafa, jitar Dr. Know ta ƙara nauyi, H.R. ya koma rerawa. Faifan ya sami yabo, kuma ya cancanta, sai dai wancan karo na zafi da sanyi ya dusashe a cikinsa.