Bango Mai Motsi: Nazari a kan Ginin Gungume a Arewacin Turai

A gidan tarihi na Norsk Folkemuseum da ke birnin Oslo akwai wani ɗaki da aka kawo daga Rauland, a kwarin Numedal. Masana da ke ƙirga shekarun itace daga zobban cikinsa sun gano cewa wajen shekarar 1238 aka sare gumagumansa. Abin lura shi ne yadda ɗakin ya zo birni. Warware shi aka yi gungume-gungume, aka yi jigilarsa, aka sake ɗora kowanne a mazauninsa. Wanda ya tashi cikin ginin ƙasa ko na siminti, inda rushe bango ke nufin ƙarshensa, zai ji wannan banbarakwai. Amma ga mutanen Norwe da Suwidin da Finlan da arewacin Rasha, gida abu ne da ake kwancewa a ɗaure kamar kaya. Matafiyi Adam Olearius, wanda ya ziyarci Mosko a shekarun 1630, ya ba da labarin kasuwar da ake sayar da gidaje sassaƙaƙƙu: ka biya, a kwashe maka, a harhaɗa a filinka.

Daji ne ya haifi wannan sana'a. Bishiyar fayin da danginta suna miƙewa sambal kamar sanda, kaurin gindi da na sama ba su da bambanci sosai, ga su rututu tun daga Norwe har Saiberiya. Da za ka ce ka jera kaɗanya ko ɗorawa a kwance su zama bango, da ka sha wahalar banza. Shi ya sa maginin Hausa ya bar bango ga tubali, ya ajiye itace, wato azarar giginya wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba, don rufi kawai. Can kuwa itacen shi ne bangon, shi ne ginshiƙin, shi ne bargon da ke tare sanyi.

Mutanen Norwe suna kiran aikin laft. Ga yadda hannu ke yin sa. Kafinta zai ɗora sabon gungume bisa wanda ya riga ya zauna, ya kafe shi kada ya mirgina. Sai ya ɗauko wani ƙarfe mai yatsu biyu. Yatsa ɗaya na bin bayan gungumen ƙasa, duk tudu da kwarinsa, ɗayan kuma na zana layi a cikin na sama. Ya bi ta ciki, ya bi ta waje. Daga nan ya kifar da gungumen, ya rarake tsakanin layukan biyu da gatari har ya zama doguwar kwarya. In ya mayar da shi, leɓɓan kwaryar nan biyu ne kaɗai za su taɓa na ƙasa, su ciji bayansa tsaf. Ramin da ke tsakiya kuma a cusa masa busasshiyar gansakuka don toshe iska. Kowane gungume an yi shi ne don na ƙarƙashinsa shi kaɗai, shi ya sa in za a tashi gida ake sa musu lamba tukuna.

A kusurwa ake gane gwani. Nan gumaguman bango biyu ke haɗuwa, a yanke wa kowanne gurbi ya shige cikin ɗan'uwansa, kawunansu su ɗan fito waje. Gwanaye sukan sassaƙe gefen gurbin a karkace, yadda duk lokacin da itacen ya motse sai ya ƙara zurmawa ya ƙara tsukewa. Ɗan koyo yakan yanke gurbin da ya yi cif a ranar gini, bayan shekara uku ka zura yatsa ta ciki.

Wannan motsewar ita ce ƙashin bayan al'adar duka, kuma a ganina ita ce mizanin da ya kamata a auna ta da shi. Itace in yana bushewa kusan ba ya rage tsawo, kauri yake ragewa. Tun da a kwance aka jera gumaguman, raguwar kowanne na taruwa, sai bangon ya yi ta zama. In da ɗanyen itace aka yi, kowace mita ta tsayin bango na iya rasa santimita uku zuwa biyar ko fiye, a 'yan shekarun farko. Sandar ƙofa da ta taga kuwa a tsaye suke, ba sa raguwa. Don haka dole a bar fili a saman kowace ƙofa da taga, a toshe da abu mai laushi, a kuma tsaga wa gefen bangon hanya yadda zai zame ta jikin sandar ba tare da ya maƙale ba. Haka matattakala, haka bututun hayaƙi na dutse. Wanda ya manta, wata rana zai tarar ƙofa ta ƙi buɗuwa, ko gilashi ya tsage, ko bango ya rataye a kan taga iska na kwarara ta ƙasa. Har rufin ƙasa mai ciyawa da aka san Norwe da shi, wanda ake shimfiɗawa bisa ɓawon bishiya, yana da aiki a nan: nauyinsa ne ke danne gumaguman su haɗe baki.

A nan ne nake ganin masu yabon ginin suke kuskure. Kullum abin da ake faɗa shi ne "babu ƙusa ko ɗaya", kamar wani siddabaru. Misalin da aka fi bayarwa shi ne babban cocin tsibirin Kizhi, a tafkin Onega da ke Rasha, wanda aka gina a 1714, mai ƙubba 22 da tsayin mita 37. Har tatsuniya aka yi masa, wai kafintan ya jefa gatarinsa cikin tafki da ya gama. Gaskiyar ita ce an yi amfani da ƙusoshi wajen kafa ƙananan katakan da suka lulluɓe ƙubbobin. A bangon ne babu, kuma dalilin ba burga ba ne. Ƙarfe na da tsada, sannan ƙusa a bangon da ke zama illa ce, domin za ta riƙe gungume ta hana shi sauka. Turakun itace ake sawa, a cikin rami mai ɗan zurfi fiye da su, don su hana bango karkacewa amma su bar shi ya sauka. Abin yabo na gaske a Kizhi ya fito ne lokacin da cocin ya tsufa. A farkon shekarun 1980 an kafa masa ƙarafa daga ciki don kada ya faɗi. Daga baya aka ɗaga samansa, aka riƙa zare gumaguman hawa-hawa daga ƙasa, a gyara mai gyaruwa, a sauya ruɓaɓɓe, har aka kammala wajen 2020. Bangon kankare ba ya ba da wannan dama.

Sai dai al'adar na da nata tabon. Tana cin daji ba kaɗan ba. Gungumen ƙasa kan ruɓe in ba a ɗora shi kan duwatsu an kuma miƙo bakin rufi ya kare shi daga ruwa ba. Gobara kuwa ta sha cinye garuruwan katako: Turku a Finlan a 1827, Ålesund a Norwe a 1904, abin da ya sa Norwe ta tilasta ginin dutse ko bulo a tsakiyar birane. Batun ɗumi ma an zuzuta shi. Itace ya fi kankare tare sanyi nesa ba kusa ba, amma audugar gilashi da ake cusawa a bangon zamani ta ninka shi kusan sau uku.

Da sana'ar ta tsallaka teku tare da 'yan Suwidin da Finlan da suka sauka bakin kogin Delaware a 1638, sai ta yi sauƙi ta rasa kyau. A Amurka akasari ba a rarake kwaryar, jera gumagumai ake yi a liƙe tsakani da laka da tsakuwa. Ɗakin ya zama alamar talakan da ya yi da kansa. A irinsa aka haifi Abraham Lincoln a 1809, kuma a zaɓen 1840 magoya bayan William Henry Harrison sun mai da shi tambarin yaƙin neman ƙuri'a.

Yau bangon itace zalla ya dawo da sabuwar riga. A shekarun 1990 injiniyoyi a Ostiriya, musamman Gerhard Schickhofer na birnin Graz, suka inganta dabarar manna katakai da gam, sahu uku ko biyar ko bakwai, kowane sahu ya gitta na ƙarƙashinsa. Da yake wani sahun na hana wani motsewa, bangon kusan ba ya zama. Da irinsa aka tsayar da bene mai hawa tara a Murray Grove da ke Landan a 2009. A Finlan ma masana'antu na manna katakai su fito da siffar gungume, kuma garin Pudasjärvi ya buɗe katafariyar makaranta da irin waɗannan a 2016. Ba na raina wannan ci gaba: ya fi sauri, yana amfani da ƙananan itatuwa, yana hawa sama inda laft ba zai kai ba. Amma an ɗauke ilimin daga idon kafinta an kai shi kwamfuta da injin yanka, kuma in ruwa ya ci gindin allon da aka manna, ba gungume ɗaya za ka zare ba. Mafi tsufan waɗannan bangaye bai wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Ɗakin Rauland saura kaɗan ya cika 800.