Waƙa a Bakin Mai Ita, Kuɗi a Hannun Wa?

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san muryar makaho mai rera Imfiraji, ko a bakin Ƙofar Doka ko a hanyar masallacin fada ranar Juma'a. Aliyu Namangi, mai waƙar, ya rasu a 1990, kusan shekara goma kafin a haife ni, amma har yau baitocinsa suna ciyar da mutanen da bai taɓa haɗuwa da su ba. Mai rerawa bai nemi izinin kowa ba, mai ba da sadaka bai tambayi mai waƙa ba, kuma ba na jin Malam zai so a tambaya, tunda wa'azi ya yi. Abin da ya dame ni shi ne mun ɗauki wannan hali mun shimfiɗa shi a kan kowace irin waƙa.

Wani abokina da muka gama jami'a tare ya mai da zauren gidansu ɗakin ɗaukar waƙa. Ya taɓa tambayata: shekara nawa mutum zai yi kafin ya dogara da lasisin waƙoƙinsa kaɗai? Abin da yake nufi shi ne waƙa ta zauna a hannun mai ita, ya riƙa ba da hayarta ga mai fim, da gidan rediyo, da mai talla, da kamfanin waya, kowa ya biya gwargwadon amfanin da ya yi. Na ce masa a wurinmu ba a ma ɗora agogon ba tukuna, kuma wani ɓangare na laifin yana cikin waƙar kanta.

Makaɗin Hausa ya saba a biya shi sau ɗaya, nan take. Makaɗin fada yana da ubangida mai ba shi riga da doki da hatsi. Makaɗin jama'a yana da filin biki da masu liƙi. Mamman Shata ya yi fiye da rabin ƙarni yana waƙa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, amma abin da aka fi tunawa na arzikinsa kyautar mutane ce, ba kuɗin faifai ba. Bai rubuta waƙa ba, a fili yake ƙirƙira, don haka wanda ya riƙe na'ura, kamfanin EMI ko Rediyon Kaduna, shi ya riƙe abin da za a iya juyawa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato ta Shata, da ya rasu a 1999, tana da kariya har 2069. Sautin da aka ɗauka kuwa shekara 50 ne, don haka faifan farkon shekarun 1970 wa'adinsu ya riga ya cika. Doka ta yi wa mawaƙi dogon numfashi, al'ada ta koya masa ya karɓa yau.

Mawaƙan fim sun gaji wannan hali ba tare da sun gaji ubangida ba. Galibi mai shirya fim yakan sayi waƙa kacokan, ba takarda, a yi musafaha a rabu. Daga nan masu tura waƙa a waya su ɗauka, kowace kasuwa da rumfarsu. Mawaƙin da ya ga haka sai ya koma inda kuɗi yake, biki da siyasa, kuma a nan ne salo yake lalacewa. A saurari waƙoƙin soyayya na yanzu: sau da yawa ɗiya biyu ko uku na farko ne suke ɗauke da jigo, sauran jerin sunaye ne, Alhaji wane, Hajiya wance, mai situdiyo da yaransa. Wane mai talla ne zai yi hayar waƙar da take gaida mutum ashirin? Waƙar siyasa ta fi muni, don ranar da aka sanar da sakamakon zaɓe ranar ake yi mata sutura. Dauda Kahutu Rarara ya nuna ana iya yin arziki da ita, amma arzikin ubangida ne, irin na da.

Ba yabon ne aibi ba. Shata ma yabo ya yi, sai dai ya gina mutanensa da habaici da raha da hoton zamaninsu, har ya zama yau ana jin "Magaji Mai Ido Ɗaya" ko ba a san Magajin ba. Sunan da aka saƙa cikin waƙa daban yake da sunan da aka liƙa mata a wutsiya.

To, shekara nawa? Lasisi kamar dashen mangwaro yake, kuma itace ɗaya ba ya zama lambu. Sai mutum ya tara waƙoƙi da yawa waɗanda ba su tsufa, ya riƙe mallakarsu a rubuce, sannan kuɗin ya fara ɗigowa. YouTube ba ya raba kuɗin talla sai tasha ta sami mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Spotify bai shigo Nijeriya ba sai 2021. Ƙungiyoyin da aka ɗora wa karɓo wa mawaƙa haƙƙinsu, COSON da MCSN, sun shafe shekaru suna shari'a, kuma harkarsu ta fi karkata Legas. A nawa hasashen, matashin da ya fara daga zaure a Zariya ya sa ran shekara goma, da sharaɗin yana da wata sana'a da za ta riƙe shi, kuma bai sayar da irin shukarsa ba.

Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne mai wuya. Abokina yana da waƙa goma sha huɗu, ya sayar da tara, kowacce a lokacin da wata lalura ta taso: kuɗin makarantar ƙanwarsa, maganin mahaifiyarsa, gyaran janareta. Cikin biyar ɗin da suka rage akwai ɗaya da na fi so, ba sunan kowa a ciki, amshinta gajere ne. Wani mai fim ya taya ta a watan jiya, da sharaɗin a bar masa ita gaba ɗaya. Abokina ya ce a ba shi mako biyu ya yi shawara, ga shi kuma damina ta kusa, soron zauren yana yoyo.